Kejin ƙarfe: Daga filin tseren mota zuwa fadamar Hadejia

A shekarar 2025 ne Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin shugabancin Malam Shehu Dikko, ta bayyana aniyar Najeriya ta neman karɓar baƙuncin gasar tseren motoci ta Formula 1 a Abuja. Kafin nan, a watan Disambar 2024, shugaba Paul Kagame ya sanar da irin wannan buri a madadin ƙasar Ruwanda. Rabon nahiyar Afirka da ganin wannan gasa tun shekarar 1993, lokacin da aka yi ta a filin Kyalami na Afirka ta Kudu.

Wannan batu ya faranta ran matasa masu sha'awar wasan mota a arewacin Najeriya, waɗanda suka saba kallon gasar a talabijin da wayoyin hannu. To sai dai a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Hadejia, wasan da ake yi a zahiri ya sha bamban da wanda ake kallo. A kan yi shi ne a kan titin jama'a, galibi lokacin ɗaukar amarya ko bukukuwan Sallah, da motar gida wadda ba a yi mata wani tanadi ba, kuma 'yan kallo na tsaye a bakin kwalta.

Bambancin da ya fi fitowa fili tsakanin motar tsere da ta gida shi ne kejin ƙarfen da ake ginawa a cikinta domin kare direba idan ta kife. Tambayar da ke gaban masu sha'awar wasan ita ce, shin idan mai walda na unguwa ya haɗa irin wannan keji, an warware matsalar ke nan? Amsar ta shafi mutanen masarautar Hadejia ta wata fuska da ba kasafai ake tunaninta ba, wato ta fuskar motocin noma da ke aiki a fadama.

Mene ne aikin kejin?

An ƙera motar gida ta zamani ne yadda gabanta da bayanta za su lanƙwashe su shanye ƙarfin karo, yayin da ɗakin da mutane ke zaune zai tsaya da ƙwarinsa. Amma an auna ƙwarin rufinta ne da irin gudun da ake yi a hanya. Idan ta wuntsula sau huɗu ko biyar tana tsananin gudu, ginshiƙan da ke riƙe da rufin kan durƙushe, rufin ya sauko kan mutanen da ke ciki.

Kejin yana hana faruwar haka. Bututun ƙarfe ne da ake lanƙwasawa a haɗa su a cikin motar, su zama tamkar ɗaki a cikin ɗaki. Babban ginshiƙinsa baka ne da ke tashi daga daɓen motar a bayan kujerar direba, ya bi ƙarƙashin rufi, ya sauka a ɗaya ɓangaren. Daga gare shi wasu bututun ke miƙawa gaba, su bi gefen gilashi su sauka kusa da ƙafafun direba. Wasu biyu kuma suna tokare shi ta baya. Sai waɗanda ake gittawa a bakin ƙofofi domin tare karon gefe.

Sirrin ƙwarinsa yana cikin sandunan da ake gittawa a karkace. Firam mai kusurwa huɗu yana iya karkacewa idan aka tura shi ta gefe, kamar yadda rumfar da ba ta da tokari take yi idan iska ta taso. Da zarar an gitta masa sanda daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rabu zuwa alwatika biyu, kuma ba zai karkace ba sai dai ƙarfen ya karye.

Ƙa'idojin da aka gindaya

Hukumar da ke kula da wasannin motoci ta duniya, FIA, wadda aka kafa a birnin Paris a shekarar 1904, ta fayyace yadda ake wannan aiki dalla-dalla a cikin kundin dokokinta.

Ga kejin da aka haɗa bisa wannan tsari, dole bututun ya zama na ƙarfe marar ɗinki, wato wanda aka zaro shi a dunƙule, ba wanda aka naɗe falle aka liƙe bakinsa da walda ba. Babban bakan zai kasance mai faɗin milimita 45 da kaurin milimita 2.5, ko kuma faɗin 50 da kaurin 2. Sauran sassan ba za su gaza faɗin milimita 38 da kaurin 2.5, ko faɗin 40 da kaurin 2 ba.

Ana lanƙwasa bututun ne da na'ura ba tare da an gasa shi a wuta ba, domin zafi na rage masa ƙwari. Ba a yarda lanƙwasar ta yi tsini ko ta motse bututun ba. Walda kuma sai ta zagaye bakin kowace mahaɗa gaba ɗaya, har da ɓangaren da ke manne da rufi, inda hannu ba ya kaiwa cikin sauƙi. Saboda haka ne ƙwararru kan huda daɓen motar su sauke kejin ƙasa kaɗan, su yi waldar saman, sannan su ɗaga shi su mayar.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne ƙafafun kejin. Daɓen mota falle ne siriri. Idan aka ɗora bututu a kansa kai tsaye, ranar da motar ta kife sai bututun ya huda daɓen ya fice, kejin ya sauko tare da rufin. Don haka doka ta ce a shimfiɗa farantin ƙarfe mai kaurin akalla milimita 3 da faɗin murabba'in santimita 120 a ƙarƙashin ƙafafun manyan ginshiƙan, domin nauyin ya bazu. Inda aka yi amfani da noti, ba za su gaza uku a kowace ƙafa ba.

Aikin kan fara ne da kwashe kujeru da kafet da rufin yadi da wayoyin wuta, da nisanta tankin mai da bututunsa daga tartsatsin walda. Kuma a kan fara daidaita kujerar direba tukuna, a auna tsayinsa sanye da hular kwano, kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya.

Me zai hana mai waldan gida?

Babu mai musun basirar masu walda da maƙera a arewacin Najeriya. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna, ko ya ga injinan casar shinkafa da bodin manyan motoci da ake ƙerawa a Kano da Hadejia, ya san hannu ba shi ne matsala ba.

Matsala ta farko ita ce kayan aiki. Akasarin bututun da ake samu a kasuwannin ƙarfe irin su Ƙofar Ruwa a Kano an yi su ne domin ƙofofi da rumfuna da jan ruwa. Masu ɗinki ne, kuma sau da yawa kaurinsu bai kai abin da aka faɗa ba. Fayif ɗin ruwa mai rufin farin sinadari kuwa, ban da rashin dacewarsa, hayaƙin da yake fitarwa lokacin walda yana cutar da mai aikin.

Ta biyu ita ce rashin mai dubawa. Ƙofar da aka yi wa walda marar kyau za ta nuna aibinta a cikin mako guda, mai ita ya mayar a gyara. Shi kuwa keji sau ɗaya ake jarraba shi, kuma a ranar babu damar gyara. Bututun da ya ɓalle daga mahaɗarsa a cikin motar da ke wuntsulawa ya zama mashi.

Abin da ya faru a gasar Dakar ta watan Janairun 2025 a Saudiyya ya nuna matsayin mai dubawa a wannan wasa. Carlos Sainz na ƙasar Sifaniya, wanda ya lashe gasar sau huɗu, ya kife da motarsa ƙirar Ford, ya fito lafiya, har ya tuƙa ta zuwa sansani. Da jami'an FIA suka duba suka ga kejin ya taɓu, sai suka hana shi ci gaba. Bayan 'yan kwanaki irin wannan hukunci ya faɗa kan Sébastien Loeb na Faransa, wanda ya zama zakaran duniya sau tara a tseren rali. Kamfanoninsu sun kashe maƙudan kuɗi, amma hakan bai sa an ɗaga musu ƙafa ba.

Wannan gasa ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Hausa. A shekarun 1980 ta sha ratsa Agadez da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, kuma a shekarar 2000 an dakatar da ita a Yamai aka kwashi motocin ta jirgin sama zuwa Libiya saboda barazanar tsaro. Tun shekarar 2020 ake yin ta a Saudiyya.

Keji shi kaɗai na iya zama haɗari

Wani abu da matasa masu sha'awar ƙawata motocinsu ba su cika sani ba shi ne, sanya cikakken keji a motar da ake hawa yau da kullum na iya ƙara haɗari maimakon rage shi.

Dalili kuwa shi ne an tsara kejin ne ya yi aiki tare da wasu abubuwa. Direban tsere yana zaune a kujera mai riƙe kafaɗu da ƙugu, an ɗaure shi da bel mai igiyoyi biyar ko shida, yana sanye da hular kwano, sannan an naɗe bututun da ke kusa da kansa da wani soso mai tauri na musamman. Mutumin da ke sanye da hula zanna-bukar da bel na gida, ko ma babu bel ɗin sam, idan aka yi karo ko da ƙarami ne, kansa zai bugi ƙarfe tsirara. Bugu da ƙari, bututun kan tare hanyar jakunkunan iska da ke fitowa daga gefen rufin motocin zamani.

Tarihin wasan ya nuna cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya an samar da shi ne bayan an yi rashi. A watan Fabrairun 2001, fitaccen direban Amurka Dale Earnhardt ya rasu a tseren Daytona, duk da cewa motarsa na da keji mai ƙwari. Kansa ya fizgu gaba, ƙashin gindin ƙoƙon kansa ya karye. Kafin ƙarshen wannan shekara aka wajabta na'urar da ke riƙe kai da wuya a gasar, kuma Formula 1 ta bi sahu a 2003.

A shekarar 2018 Formula 1 ta ƙara wani zoben ƙarfe a saman kan direba da ake kira Halo, duk da sukar da wasu direbobi suka yi masa da farko. A watan Nuwamban 2020, motar Romain Grosjean ta kutsa cikin shingen ƙarfe a Baharen, ta rabe biyu ta kama da wuta, amma ya fito da ƙafarsa da ƙuna a hannuwa. Shi da kansa ya danganta tsirarsa da wannan zobe da a baya yake adawa da shi.

'Yan kallo fa?

Ko da an cika dukkan waɗannan sharuɗɗa, keji na kare wanda ke cikin mota ne kawai. A wasan motar da ake yi a titunan arewa kuwa, waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yara da masu talla da 'yan biki da ke tsaye a gefe, da kuma samarin da ke zama a bakin tagogin motar yayin da take juyi.

Turai ta koyi wannan darasi da tsada. A watan Yunin 1955, wata mota ƙirar Mercedes ta tashi sama ta faɗa cikin jama'a a tseren Le Mans na Faransa, mutane fiye da 80 suka mutu. A 1986 kuma, bayan wata mota ta afka wa 'yan kallo a Fotugal ta kashe mutum uku, sannan direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka ƙone a tsibirin Kosika, FIA ta soke rukunin motocin rali mafi ƙarfi na wancan zamani baki ɗaya.

Saboda haka fili keɓaɓɓe mai shinge, da tazara tsakanin mota da jama'a, da motar asibiti da ta kashe gobara, suna gaba da keji a jerin abubuwan da ake buƙata. A kudancin Najeriya an samar da filin tsere a Evbuobanosa ta jihar Edo. A arewa, abin da ya fi kusa da tsararren wasa shi ne jerin gwanon motoci na bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka farfaɗo da shi a watan Maris na 2020 lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Shi ma ya fi karkata ga baje kolin motocin da aka harhaɗa a gida.

Al'ummar da ta san sukuwar dawaki da hawan Sallah ba sabuwa ba ce wajen keɓe fili da tsara gudu. Masarautar Hadejia na da wannan gado, kuma ƙasa ba ta yi mata ƙaranci ba.

Inda Hadejia ta fi buƙatarsa

Sai dai idan ana batun ceton rayuka, darasin kejin ƙarfe ya fi amfani a gona fiye da filin wasa.

Noman rani na ƙara faɗaɗa a kwarin kogin Hadejia. A watan Janairun 2023 marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ban-ruwa na Kwarin Hadejia a ƙaramar hukumar Auyo, mai faɗin kadada kusan 5,700. A watan Nuwamban wannan shekara kuma, a yankin Hadejia ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta sanya noma da injina cikin manyan manufofinta. Ma'anar wannan ita ce ƙarin taraktoci da ƙarin matasan da za su tuƙa su.

Tarakta mota ce mai tsayi wadda nauyinta ke sama, kuma fadama na tattare da duk abubuwan da ke kifar da ita. Tana iya faɗawa ta gefe idan tayarta ta zame daga gaɓar magudanar ruwa, ko gefen jingar ya zabtare. Tana kuma iya tashi ta gaba ta faɗo ta baya, musamman idan ta kafe a laka, ko aka ɗaura sarƙar jan wata mota a sama da wurin da aka tanada. Irin wannan kifewar ta baya kan kammala cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, lokacin da bai isa direba ya yi tsalle ba.

Maganin shi ne ƙanin kejin tsere, wato bakan ƙarfe mai ƙafa biyu ko huɗu da ake ɗaurawa a jikin gatarin baya. Yakan tsayar da taraktar a kwance ta gefe, ya bar wa direba sarari a ƙarƙashinsa.

Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a shekarar 1959. Binciken da aka yi a can ya nuna cewa cikin shekaru kusan talatin, mace-macen kifewa sun ragu daga 17 zuwa ƙasa da ɗaya a cikin kowace tarakta dubu ɗari a shekara. Amurka ta wajabta shi a 1976 ga taraktocin da ma'aikatan gona ke tuƙawa, kuma hukumomin lafiyar ma'aikata na ƙasar sun ce idan aka haɗa shi da bel, yana hana mutuwa ko mummunan rauni a kashi 99 cikin ɗari na kifewa.

Da yawa daga cikin tsofaffin taraktocin da ke aiki a arewa, irin su Massey Ferguson da Fiat da Steyr, ba su da wannan baka. Abin da aka fi gani a kansu shi ne rumfar kwano da aka haɗa domin kare rana. Wannan rumfa na ba da inuwa, amma ba za ta ɗauki nauyin tarakta ba, kuma tana iya sa direba ya zaci yana da kariyar da ba shi da ita. Ƙa'idar da masana suka gindaya ita ce, mai tuƙa tarakta mai baka ya ɗaura bel domin kada ya fita daga sararin da aka tanadar masa, wanda ba shi da baka kuwa kada ya ɗaura.

Haka abin yake ga motocin a-kori-kura da ke jigilar mutane da kaya zuwa kasuwannin ƙauye a Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma da Gujungu. Sandunan ƙarfen da ake haɗawa a bayansu sun yi kama da keji a ido, alhali an yi su ne domin ƙara lodi. Duk buhun da aka ɗora a sama yana ɗaga tsakiyar nauyin motar, ya sa ta fi saurin kifewa a kwana, kuma mutanen da ke zaune a kan kayan ba su da abin da zai riƙe su.

Ina mafita?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel tun watan Janairun 2003. Duk da haka alƙalumanta sun nuna cewa mutane fiye da 5,000 sun mutu a haɗurran mota a 2023, haka ma a 2024. Wannan na nuna cewa kafa doka abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da tabbatar da ita.

Akwai matakan da ba sa buƙatar jiran Formula 1. Mafi sauƙi shi ne gwamnatocin jihohi su sanya sharaɗi a takardun kwangila cewa duk taraktar da za a saya da kuɗin jama'a ta zo da baka da bel daga masana'anta, kuma kada a cire su. A lokacin saye, kuɗin wannan ƙari ƙalilan ne a kan farashin motar.

Ga tsofaffin taraktoci, jihar New York ta Amurka ta ɓullo da wani tsari a 2006, inda ake mayar wa manomi kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe wajen sanya bakan da aka gwada. Ana iya nazarin irinsa a nan. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Hadejia, tare da haɗin gwiwar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, na iya zama wurin da za a fitar da zane ɗaya tabbatacce ga kowane samfurin tarakta, a gwada shi da nauyi, sannan a horar da masu walda a ba su shaida. Mai waldan da ya ƙware a wannan, shi ne gobe zai iya haɗa kejin motar tsere.

Su kuwa matasa masu sha'awar wasan, hana su kaɗai bai taɓa kawo ƙarshensa ba, illa ya mayar da shi cikin dare ko bayan gari. Ƙungiya mai rajista, da fili keɓaɓɓe, da jami'in da ke da ikon cewa wannan mota ba za ta shiga ba, su ne tubalin da kowace ƙasa ta fara da su.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomin Jigawa da na tarayya za su ɗauki batun da muhimmanci tun kafin sababbin taraktocin su tsufa, da kuma ko za a samu jami'in da zai iya hana motar ɗan babban mutum shiga fili, kamar yadda aka hana Carlos Sainz a Saudiyya.